Waƙa a Bakin Mai Ita: Sharhi kan Kai Waƙa ga Jama'a, da Misali daga Lugu

1.0 Gabatarwa

Akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a bakin malaman Hausa da ɗalibansu, a Nijar da Nijeriya baki ɗaya. Ana cewa wai jama'a sun juya wa waƙa baya, ba a sayen littattafanta, yara ba su haddace ta, kuma in aka kira taron karatun waƙa a makaranta, daga mawaƙin sai abokansa. Daga nan sai a shiga neman dabarar da za a cusa wa mutane son waƙa, sai ka ce wani magani ne mai ɗaci da za a ɗura wa yaro.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa an gina wannan kuka a bisa kuskure. Bahaushe bai taɓa rabuwa da waƙa ba. Mace tana daka tana waƙa, manoma suna gayya makaɗi na bin su, ɗan kokawa ba ya shiga fage sai ya yi kirari, makaho kuwa da baitoci yake neman abincinsa. Abin da jama'a suka ƙaurace wa shi ne irin sigar da mu 'yan boko muke miƙa musu waƙar a cikinta. Saboda haka tambayar da ta kamace mu ita ce: in manazarci yana ƙaunar wata waƙa, yana kuma so mutanen da ba su san ta ba su ƙaunace ta, ta wace hanya zai kai musu ita ba tare da ta lalace a hannunsa ba?

Domin kada maganar ta tsaya a sama, na zaɓi misali guda, wato garin Lugu na ƙasar Arewa. Dalilin zaɓen kuwa shi ne, da wuya a sami wani ƙauye a ƙasar Hausa wanda sunansa ya yi nisan da sunan Lugu ya yi ta hanyar adabi, alhali muryar mutanensa ta tsaya a gida.

2.0 Lugu da Sarauniyarta

Lugu ƙauye ne a cikin gundumar Dogondutsi ta jihar Doso, a yankin da ake kira Arewa, wanda ya haɗa da Matankari da Bagaji da Tibiri, ya kuma tsallaka iyaka zuwa cikin jihar Kabi ta Nijeriya. Tarihin baka na wannan yanki ya raba iko gida biyu. Akwai Arawa masu sarauta, waɗanda ke danganta asalinsu da Barno, akwai kuma Gubawa, 'yan ƙasa, waɗanda aka iske a wurin, masu riƙe da al'amuran ƙasa da iskokinta. Marc-Henri Piault ya yi bayanin wannan rabo a littafinsa na tarihin yankin wanda ya fito a 1970. Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji su ne manyan ɓangare na biyu.

Sarauniya a nan sunan muƙami ne, mata da dama sun riƙe shi ɗaya bayan ɗaya. Ruwayar baka ta ce ta farkonsu daga Daura ta taso, kuma dutsen Tunguma, wanda aka daɗe ana zuwa wurinsa neman hukunci, yana cikin labarin zuwanta. Bisa al'ada Sarauniya fararen tufafi take sawa, zaman ɗaki take yi, kaɗi ne aikin hannunta, kuma ba a gadon muƙamin ta hanyar takara: gawar wadda ta rasu ake ɗauka ta nuna magajiya.

Wadda duniya ta sani a cikinsu ita ce Sarauniya Mangu. A zamaninta ne rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga yamma ta nufi tafkin Cadi tana ƙone garuruwa, ta auka wa Lugu ranar 16 ga watan Afrilu na 1899. Mutanen garin sun ja daga, suka kashe wa rundunar mutum 4, sa'an nan suka shige cikin kurmi. Rundunar ta wuce ta yi mummunar ɓarna a Birnin Ƙonni, kuma kafin watan Yuli na wannan shekara ya ƙare, sojojinsu da kansu suka harbe Voulet da Chanoine a ƙasar Tasawa. Abin da takardun Faransawa suka faɗa game da Mangu bai wuce 'yan layuka ba. Sauran yana bakin mutanen Arewa, cikin labari da kirari da waƙa.

3.0 Yadda labarin ya fita da yadda ya komo

Wanda ya fitar da sunan Lugu duniya mawaƙi ne. Abdoulaye Mamani, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932, ya rasu a 1993, ɗan jam'iyyar Sawaba ne da ya sha gudun hijira da ɗauri, kuma ya fara buga littafin waƙoƙinsa na Faransanci, Poémérides, a 1972. A 1980 ya fitar da ƙagaggen labarinsa mai suna Sarraounia. Bayan shekara 6 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mayar da shi fim, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987.

Wajibi ne a ba Mamani haƙƙinsa. Ko da yake da zube ya rubuta littafin, hannun mawaƙi a bayyane yake a cikinsa. Babobinsa gajeru ne, kowane da muryar da ke magana a ciki, kamar yadda ɗiyan waƙa ke bin juna kowane da abin da ya ɗauko. Yana maimaita kalma da gangan, yana jera sifofi kamar mai kirari, yana kuma sa manyan mutanensa su yi jawabin da aka gina domin kunne. Ya gane abin da marubuta da yawa ba su gane ba, wato jama'a ba su riƙe tarihi sai an ba su shi da kari da zuga. Shaidar nasararsa kuwa ita ce, mace wadda da can sai a Arewa aka san ta, ta shiga littattafan makaranta, aka raɗa wa gidan rediyo da talabijin sunan muƙaminta a Yamai, har a 2023 hukuma ta ƙirƙiro lambar girma da sunanta.

To, amma akwai abin da aka biya kafin a sami wannan nasara. Na farko, Sarauniyar Mamani jaruma ce mai kwari da baka, mai birni da fada, mai jan mayaƙa zuwa fagen fama. Wannan kama ta fi kusa da Amina ta Zazzau fiye da matar da ruwayar Lugu ta sani, wadda ƙarfinta na asiri ne da tsare al'ada. Elara Bertho ta bi diddigin wannan bambanci a littafinta na 2019. Ba laifi ba ne mai ƙaga labari ya ƙara nasa, aikinsa ke nan. Laifin yana zuwa ne sa'ad da aka manta cewa ƙari ne, har ɗan makaranta ya koma ƙauye yana gyara wa kakansa labari da abin da ya gani a fim.

Na biyu, harshe. Da Faransanci aka rubuta littafin, harshen da 'yan kaɗan ke karantawa a karkarar Arewa. Fim ɗin kuma a Burkina Faso aka ɗauke shi, 'yar wasan ƙasar, Aï Keïta, ita ta fito a matsayin Sarauniya, kuma harshen da ke bakinta ba Hausa ba ne. Ke nan an kai wa duniya labarin Lugu, an bar sautin Lugu a baya. Ga mai nazarin tarihi wannan ƙaramar asara ce. Ga mai nazarin waƙa kuwa ita ce asarar duka, domin in an cire sauti daga waƙa, abin da ya rage bayani ne kawai.

4.0 Abin da marubuta waƙa na da suka sani

Kafin a duba hanyoyin da muke da su yau, yana da kyau a waiwayi yadda rubutacciyar waƙar Hausa ta sami jama'arta tun farko, domin matsalar da muke kuka da ita magabata sun riga sun warware ta.

Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun rubuta waƙa da ajami a lokacin da masu karatu ba su da yawa, kuma babu maɗaba'a. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba ta jira matan karkara su iya karatu ba. Ta naɗa jajoji, ta koya musu waƙoƙinta da ka, su kuma suka kai wa 'yan taru a ƙauyuka. Takarda ma'ajiya ce, baki shi ne abin hawa. Haka Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, ta game ƙasar Hausa a bakin almajirai da makafi masu bara, har wanda bai taɓa ganin littafin ba yana iya kawo baitocinta. Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, maƙwabciyar Arewa, muryarsa aka fara sani a wurin taro da rediyo kafin Ɗalhatu Muhammad ya tattara waƙoƙinsa a Fasaha Aƙiliya a 1977. Ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin a Kano ita ma ta rediyo ta riƙa kai waƙoƙin 'ya'yanta gidajen mutane.

A duk waɗannan misalai abu ɗaya ne ke maimaituwa: waƙar ta isa kunne da rerawa kafin ta isa ido. Masana sun nuna tun tuni, daga J. H. Greenberg a 1949 zuwa M. K. M. Galadanci a 1975, cewa karin rubutacciyar waƙar Hausa ya ginu ne a kan jeruwar gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, irin na arulin Larabci. Amma mawaƙan da yawa ba da lissafin gaɓa suke auna baiti ba, da rauji suke aunawa, wasu ma a wurin makaɗa suka aro raujin. Karatun waƙa shiru, ido a kan takarda, baki a rufe, baƙon abu ne da ya zo tare da jarrabawa. Idan muka ba ɗalibi waƙa ta wannan hanya ya ƙi ta, bai ƙi waƙa ba, ya ƙi abinci ne da aka ba shi ba gishiri.

5.0 Hanyoyi uku da abin da kowace ke zubarwa

5.1 Takarda

Amfanin takarda ba ya bukatar dogon bayani. Tana adanawa, tana ba da damar a koma a sake dubawa, ba ta mutuwa da mutuwar mai waƙa. Amma wanda zai rubuta waƙar baka ta Arewa zai tarar da tarko tun a layin farko, wato karin harshe.

Arewanci na cikin kare-karen Hausar yamma, tare da Sakkwatanci da Adaranci da Kurhwayanci. Inda daidaitacciyar Hausa ke cewa "suka zo", mutumin yamma "sunka zo" yake cewa. Inda ake cewa "shi ne ya ce", shi "yac ce" yake faɗi. Mai rubutu da ya saba da ƙa'idar makaranta sai hannunsa ya gyara waɗannan ba tare da ya sani ba, yana zaton ma'ana ba ta sauya ba. Gaskiya ne ma'ana tana nan, amma a duba abin da ya sami kari. Gaɓar farko ta "suka" marar nauyi ce, ta "sunka" kuwa mai nauyi ce. Haka "ya" ta "shi ne ya ce" marar nauyi ce, "yac" kuwa mai nauyi. Ke nan duk inda aka yi wannan gyara an ɗebe wa layin wani abu daga awonsa, kuma a waƙar da ke ba da labari irin waɗannan kalmomi suna iya zuwa a kowane layi. Wanda ya zo rera abin da aka buga sai ya ji yana ɗingishi, ya ɗora wa mawaƙin laifi, alhali mai alƙalami ne ya karya masa ƙafa.

Bugu da ƙari, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna hawa da saukar murya. Tarurrukan daidaita rubutu, na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, zube suka fi sa wa ido, kuma sun yi abin da ya dace da zube. Waƙa kuwa tana bukatar a rubuta ta yadda ta fito daga baki, a bar "hw" inda aka ce "hw", sa'an nan a sa ɗan bayanin kalmomi a ƙasa domin Bakano da Badamagare. Mai karatu ba ya gudun baƙuwar kalma in an yi masa jagora, sau da yawa ma ita ce ke jan hankalinsa.

5.2 Rediyo

Rediyo ya fi takarda kusa da ɗabi'ar waƙa, kuma Nijar tana da tarihin da za ta yi alfahari da shi a wannan fage. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen ƙauye kan taru su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. Wannan tsari ya gane cewa mai sauraro shi ma yana da abin faɗi. Haka gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, ta sa kirarin 'yan kokawa da waƙoƙin makaɗansu suka shiga kowane gida. Babu wani malami da ya taɓa tsayawa ya roƙi jama'a su so kirarin kokawa. An dai bar su sun ji shi a lokacinsa, daga bakin mai shi, ga abokin karawa tsaye yana jira.

Aibin rediyo shi ne gaggawa da yanka. Waƙar da makaɗi zai kwana yana yi, yana ƙara ɗiya bisa ga wanda ya shigo da wanda ya yi kyauta, sai a datse ta ta koma minti 5. Sau da yawa kuma akan sa ta a matsayin cikon lokaci, ba a faɗi sunan mai ita ba, balle garinsu ko dalilin yin ta. Yanzu da waƙa ke yawo a wayar hannu, daga wannan kati zuwa wancan, wannan aibi ya ninka: murya tana tafiya, suna yana faɗuwa a hanya.

5.3 Dandali

Hanya ta uku ita ce dandalin biki. Bikin matasa na ƙasa da aka fara a 1976, zamanin Seyni Kountché da samariya, ya sa kowace jiha ta riƙa tono waƙoƙinta da raye-rayenta tana kawowa gasa. An sami alheri a nan, domin mutumin Difa ya ji na Doso, na Agadas ya ji na Maraɗi. Sai dai dandali yana da nasa sharaɗi. Akwai alƙalai, akwai agogo, akwai manyan baƙi da ake son a faranta wa rai. Waƙar da asalinta ta gona ce ko ta ɗakin amarya sai a ɗinka mata tufafi iri ɗaya, a jera masu yin ta sahu, a sa mata jigon da hukuma ke so. Abin da ke fitowa yakan ƙayatar, amma sabon abu ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa.

6.0 Waƙar da ba ta kowa ba ce

Akwai wani al'amari da misalin Lugu ke tilasta mana dubawa, wanda mai zumuɗin yaɗa waƙa kan so ya tsallake. Ba kowace waƙa aka yi domin kowa ya ji ba. A Arewa, kamar sauran wuraren da ake bori, kowane iska yana da takensa da kirarinsa, kuma a wurin masu abin, mai goge da masu ƙwarya kira suke yi, ba nishaɗi ba. Haka akwai maganganun da ke tafiya tare da yanka da roƙon ruwa, waɗanda ke da ranarsu da wurinsu da wanda ya isa ya furta su. Manazarcin da ya ɗauki irin wannan a ɓoye, ya watsa ta a rediyo domin ta burge shi, ya ci amana, ko da kuwa niyyarsa kyakkyawa ce. Mai abu shi ke da ikon cewa wannan a fitar, wannan a bari.

Ta ɗaya gefen kuma akwai masu ganin cewa duk abin da ya fito daga bakin Azna bai cancanci a saurara ba, balle a koyar. Adeline Masquelier, a littafinta na 2001 kan bori a Dogondutsi, ta nuna yadda wannan al'ada ta yi ta ja da baya a gaban yaɗuwar Musulunci. Ba aikin wannan mujalla ba ne ta yi hukunci a kan addinin kowa. Abin da ya shafe mu shi ne harshe, kuma a nan muna da abin koyi a gida. Malaman Musulunci su ne suka tattara waƙoƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, suka yi musu sharhi, kuma har yau ana karanta su a zaurukan Sakkwato da Kano da Damagaram, domin a cikinsu ake samun asalin lugga. Ba wanda ya ce malamin da ya karantar da Imru'ul Ƙaisi ya bi addininsa. To, tsofaffin kirari da waƙoƙin Arewa suna ɗauke da kalmomi da sigogin jimla da sunayen itatuwa da wurare waɗanda babu su a ƙamus. In suka tafi tare da tsofaffin da ke riƙe da su, babu inda za a sake samo su.

Tsakanin mai kwasa ba izini da mai ƙyama ba bincike akwai hanya, ita ce ta tambaya. A je da ladabi, a faɗi abin da ake so da inda za a kai shi, a karɓi abin da aka bayar, a haƙura da abin da aka hana. Littafin Lougou et Saraouniya na 2007, wanda Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da abokan aikinsu suka shirya, ya nuna cewa ana iya komawa ga mutanen garin a saurari tasu ruwayar. Abin da ya rage shi ne a yi wa waƙa irin wannan hidima, da Hausa, da murya.

7.0 Matsayin manazarci a gaban jama'a

Idan jama'a sun riga sun san daɗin waƙa, mene ne amfanin manazarci? Amfaninsa yana nan, sai dai ya san iyakarsa. Kalmomin da Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau da sauransu suka tsara mana, irin su jigo da warwararsa, da zubi da tsari, da dabbantarwa da mutuntarwa, kayan aiki ne masu daraja a aji. Amma manomin da ya ji an kira sarki giwa bai bukaci a gaya masa sunan wannan dabara kafin tsikar jikinsa ta tashi. Wanda ya tsaya gaban taron kasuwa ya fara da rabe-raben salo, zai waiwaya ya ga ba kowa.

Abin da mai sauraro ke so daga wanda ya fi shi sani kaɗan ne, amma mai tsada. Yana so a gaya masa wane ne ya yi waƙar, wa aka yi wa, me ya faru har aka yi ta. Yana so a warware masa kalma biyu ko uku da suka shige masa duhu. Yana so a nuna masa wuri ɗaya da gwanintar take, alal misali yadda makaɗi ke nisa da gindin waƙa har a zaci ya ɓata, sa'an nan ya komo daidai inda 'yan amshi ke jiransa, ko yadda habaici ke sukar mutum ba a ambaci sunansa ba amma kowa ya gane. Daga nan sai manazarci ya yi shiru, a sake sa waƙar. Jin farko na daɗi ne, ji na biyu na ganewa ne, kuma wanda ya gane da kansa shi ke zuwa ya jawo wani.

Bisa ga abin da ya gabata, ga abin da nake ganin ya kamaci cibiyoyinmu. A fara da ɗaukar murya, rubutu ya biyo baya, kuma kada a fitar da littafin waƙar baka ba tare da muryarsa ba. A rubuta karin harshe yadda yake. A ambaci mai waƙa da 'yan amshinsa da garinsu, a kuma biya su, domin sana'arsu ce. A sa malamin makaranta ya rera, in ba ya iyawa ya gayyato mai iyawa cikin aji. Sa'an nan duk abin da aka ɗauko daga wani gari a mayar masa da kwafinsa, ta gidan rediyon karkara ko ta wayar matasan da ke zaman fada suna shan shayi, domin jikokin mai waƙa su ne jama'ar farko da ke da haƙƙi a kanta.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa kai waƙa ga jama'a bai taɓa zama matsalar ƙarancin sha'awa ba, matsalar hanya ce. Labarin Sarauniya ya fita daga Lugu ya zaga duniya cikin harsunan wasu, ya komo gida da wata kama, kuma wannan ya isa ya nuna ƙarfin adabi da kuma haɗarinsa. A watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan mataki zai jawo bukatar littattafai da shirye-shirye masu yawa cikin gaggawa, kuma a cikin gaggawa ne aka fi goge karin harshe, a manta sunan mai waƙa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Masu ita a Arewa suna nan, amma shekaru sun ja, kuma rashin tsaron da ya addabi yankin iyaka a 'yan shekarun nan ya sa zuwa wurinsu ya ƙara wuya. Ɗaliban Hausa 'yan asalin Dogondutsi da Matankari da Tibiri, waɗanda suka tashi da wannan karin harshe a bakinsu kuma tsofaffi suka san iyayensu, su ne suka fi kowa cancantar wannan aiki, kuma ya kamata cibiyoyinmu su ba su na'ura da guzuri tun yanzu.